Shanyewar da ke Hawowa Daga Ƙafa: Korona, Jijiyoyi da Makomar Lebura



Duk wanda ya taɓa bi ta Dakata da sassafe ya san irin mutanen da ke cika titi tun rana ba ta ɗaga ba. Masu keke, masu tafiya a ƙasa, masu cunkushe a A Daidaita Sahu. Wasu sun nufi masana'antun Bompai da ke nan kusa, wasu kuma sai sun ratsa gari kafin su kai Sharaɗa ko Chalawa. Jarinsu kusan duka ɗaya ne: ƙafa biyu da hannu biyu. Mai ɗaukar buhu a injin shinkafa, mai juya fata a majema, mai tsayuwa gaban injin roba tun safe har la'asar sakaliya, duk ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukar ɗayansu, ranar aka sauke tukunya a gidansa.

Sharhinmu na yau a kan wani ciwo ne da ke zuwa ya kama wannan jarin kai tsaye. Ba shi da yawa a cikin mutane, amma annobar korona ta sa duniya ta sake waiwayarsa.

Yakan faro ne da abin da ba wanda zai kula. Mutum ya yi mura da zazzaɓi, ko gudawar kwana biyu, ya warke, ya koma bakin aiki. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ya ji tafin ƙafarsa na tsira-tsira, yatsun hannu ma haka. Kashegari silifa ta riƙa zame masa yana tafiya bai sani ba. Kwana biyu, ya tsuguna alwala, miƙewa ta gagara sai da ya dafa bango. Kafin mako ya zagayo, butar ma ta fi ƙarfin hannunsa. Ƙafafun duka biyu ne ke mutuwa tare, daga ƙasa abin ke hawowa, ya kama cinya, ya kama hannu, wani lokaci ya kai fuska da maƙogwaro da ƙirji. Kuma duk wannan hali hankalinsa garau, yana ji yana gani. Wannan hawowa ta gefe biyu ce ta raba shi da shanyewar ɓarin jiki da muka sani, wadda ke faɗo wa mutum farat ɗaya ta kama gefe guda, galibi mai hawan jini.

Likitoci na kiransa ciwon Guillain-Barré, da sunan wasu likitocin Faransa, Georges Guillain da Jean Barré, waɗanda tare da André Strohl suka yi bayaninsa a 1916, bayan sun gan shi a jikin sojoji biyu lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Yadda abin yake kuwa, duk mai gyaran wuta a Bompai zai fahimta nan take. Jijiyar da ke kai saƙo daga laka zuwa tsoka tamkar wayar lantarki ce, akwai zaren ciki, akwai robar da ta lulluɓe shi. Idan wata ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki kan tashi ta yaƙe ta. A jikin wasu mutane ƙalilan sai garkuwar ta ruɗe, bayan ta gama da baƙuwar cuta ta juyo kan jijiyoyin mai ita. Wani lokaci robar take ɓarewa, wani lokaci zaren cikin take ci. Saƙo ya daina isa, tsoka ta kwanta. Wanda robar kawai aka ɓare ya fi saurin tashi; wanda zaren ya taɓu sai ya jira jijiya ta sake tsirowa, ita kuwa ba ta wuce kimanin milimita ɗaya a rana. Ku auna tsawon ƙafar mutum da wannan ma'auni, za ku ga abin da ya sa jinyar ke cin watanni.

Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba kuma gadonsa ake yi ba. A duniya yakan kama mutum 1 zuwa 2 cikin kowane 100,000 a shekara, kuma kusan kashi biyu cikin uku na masu shi sun yi wata rashin lafiya makonni kaɗan kafin ya bayyana. Idan muka ɗauka mutanen jihar Kano sun kai miliyan 15, lissafi ya nuna mutum 150 zuwa 300 ke nan kowace shekara. Ba ƙaramin adadi ba ne idan aka tuna kowane ɗaya akwai bakunan da yake ciyarwa.

To ina korona ta shigo? A watan Afrilun 2020 likitoci a Sin suka ba da labarin wata mata 'yar shekara 61 da ta dawo daga birnin Wuhan ƙafafunta suka mutu, aka gwada ta aka sami korona. A cikin watan dai likitocin arewacin Italiya suka ba da labarin mutum biyar da shanyewar ta kama kwanaki kaɗan bayan alamun korona. Daga nan rahotanni suka yi ta fitowa daga ƙasashe. A wannan watan ne kuma, ranar 11 ga Afrilu, aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano, aka kulle gari, masana'antu suka yi tsit, maƙabartu suka cika da jana'iza. A watan Yunin shekarar, ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona. Mun kuma tuna yadda mutane da yawa suka yi zazzaɓi suka daina jin ƙamshi da ɗanɗano, suka sha magani a gida, ba wanda ya gwada su. Ƙwayar ta ratsa garin nan fiye da abin da takarda ta nuna.

Masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, kuma ya kamata a faɗa. Wani bincike a Ingila ya gano cewa a watannin farko na annobar masu wannan shanyewa raguwa ma suka yi, wataƙila saboda kulle da wanke hannu sun rage sauran cututtukan da ke tayar da ita. Amma wani babban bincike da aka buga a 2023, kan mutane fiye da miliyan 3 a Isra'ila, ya gano cewa wanda ya kamu da korona haɗarinsa ya ninka kusan sau shida a makonni shida na farko. Abin da na ɗauka daga duka biyun shi ne, korona na iya tayar da ciwon, amma ba ita ce babbar mai tayar da shi ba. Babbar ita ce wata ƙwayar gudawa da ake kira Campylobacter, wadda ake ɗauka daga naman kajin da bai dahu ba da ruwan da ya gurɓace. Ita aka fi zargi a ɓarkewar ciwon da aka yi a birnin Pune na Indiya a farkon 2025. Mu da ke sayen ruwan garuwa ba mu san daga rijiyar da aka ɗebo shi ba, wannan labarin ya fi na Wuhan kusa da mu.

Na san akwai mai sauraro da ke cewa a ransa, to allurar rigakafin korona fa? Tambaya ce mai kyau, kuma Bakano na da dalilin yin ta; ba mu manta gwajin maganin Trovan na 1996 ba. Ga amsa ba ɓoye-ɓoye. Hukumar magunguna ta Turai ta amince a 2021 cewa rigakafin AstraZeneca da na Johnson & Johnson na iya haddasa wannan ciwo a jikin mutane ƙalilan ƙwarai. Masu bincike na jami'ar Oxford sun lissafa ƙarin mutum 38 cikin kowane miliyan 10 da aka yi wa AstraZeneca. Amma a cikin miliyan 10 da suka kamu da koronar kanta, ƙarin mutum 145 ne. Cutar ta fi allurar haɗari nesa ba kusa ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damuna, wato abin da ke biyo baya. Wa ke tashi, wa ke zama a keken guragu, wa ke rasuwa?

Likitoci na da ma'auni mai hawa bakwai, daga sifili zuwa shida. Sifili shi ne wanda ya warke sarai. Hawa na ɗaya, akwai 'yar saura amma yana iya gudu. Na biyu, yana iya taka mita 10 shi kaɗai amma ba gudu. Na uku, ba ya taka mita goman sai da sanda ko an riƙe shi. Na huɗu, kwance ko a kujera. Na biyar, na'ura ke taya shi numfashi. Na shida, rai ya yi halinsa. Layin da ya raba hawa na biyu da na uku shi ne layin rayuwar lebura: ko ka iya kai kanka bakin titi, ko ka jira a ɗauke ka.

Ciwon kan kai ƙarshen tsananinsa cikin mako biyu ga mafi yawan mutane, ba ya wuce mako huɗu yana ƙaruwa. Sai ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya fara janyewa. Kashi 20 zuwa 30 cikin 100 sukan buƙaci na'urar numfashi. Bayan wata shida, kusan mutum huɗu cikin biyar suna takawa da ƙafarsu ba mai riƙe su. Ku sake ji: huɗu cikin biyar. Wannan shanyewa ce da ke sakin mutum. Waɗanda tashinsu ya fi wuya su ne masu yawan shekaru, da waɗanda gudawa ce ta tayar musu da ciwon, da waɗanda ya kayar da su ƙasa warwas tun kwanakin farko. Wanda korona ta tayar wa, rahotanni sun nuna galibi irin mai ɓare roba ne, sau da yawa da shanyewar fuska. Matsalarsa ta musamman ita ce huhu: idan korona ta riga ta raunana huhun, sannan tsokar ƙirji ta zo ta mutu, numfashi ya gamu da cikas biyu a lokaci guda.

Amma waɗannan alƙaluma na inda ake samun magani ne. Wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka buga a 2018 ya kwatanta masu ciwon a yankunan duniya. A Turai da nahiyar Amurka kimanin kashi 5 cikin 100 suka rasu. A Bangaladash, inda mafi yawansu ba su sami maganin ba saboda tsada, kashi 17 ne, kuma waɗanda suka rayu sun fi na sauran wurare zama da naƙasa. Irin ciwon da ya fi yawa a can ya fi tsanani, haka ne, amma rashin magani da rashin gadon kulawa ta musamman na da babban kaso. Duk mai adalci ya san halinmu ya fi kama da na Bangaladash.

Magani iri biyu ne aka tabbatar suna aiki. Ɗaya shi ne IVIG, sinadarin garkuwa da ake tatsa daga jinin dubban masu ba da jini, a ɗaura wa majinyaci ta ƙarin ruwa kwana biyar. Mutum mai nauyin kilo 60 na buƙatar giram 24 kullum, giram 120 ke nan gaba ɗaya, kuɗinsa kuwa miliyoyin naira ne. Na biyu shi ne a tace ruwan jinin da na'ura, a fitar da abin da ke cin jijiyar, kamar sau biyar. Manyan asibitoci ƙalilan ne ke da kayan yin haka. Duka biyun sun fi amfani idan an fara cikin makonni biyun farko. A jihar da mafi ƙarancin albashi yake naira 71,000, kuma ma'aikacin wucin gadi a masana'anta sau da yawa ko hakan ba ya samu, ina zai ga waɗannan kuɗi cikin kwana biyar? Ba ciwon da za a ce bari a sayar da fili wata mai zuwa ba ne. Ina ganin a nan ne ya kamata hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, da asusun lafiya na jiha su shigo: a sayi maganin a ajiye a manyan asibitoci, a fara ɗaura wa mutum, maganar kuɗi ta biyo baya. Mutum ɗari biyu ko uku a shekara ba su fi ƙarfin jiha kamar Kano ba, kuma ba dukkansu ne ciwon ke tsananta har su buƙace shi ba.

Sai dai kafin a kai ga tsadar magani, akwai kwanakin da muke zubarwa da hannunmu. Ƙafa ta mutu ba faɗuwa ba buguwa, sai a ce ya tsallaka wani abu a hanya, ko wani abokin aiki ne ya jefe shi don hassada, ko iska ce. A kai shi kemis a yi masa allurar maleriya da ta taifot. A kai shi a yi masa tsaga a ƙafa. Wasu har su ba shi ƙwayoyin nan na sa ƙiba da rage kumburi, alhali an gwada an ga ba sa maganin wannan ciwo. Addu'a dole ce, kuma ba wanda ya ce a bari, amma a yi ta a gefen gadon asibiti. Domin wanda yau yake jan ƙafa, jibi ƙirjinsa na iya tsayawa cikin dare a ɗakinsa, alhali da na'ura ta riƙe shi mako biyu ko uku da ya rayu ya koma ɗaukar buhunsa.

Uwargida, ke da ke jinya, da kai ƙanin majinyaci, ga abin lura. Idan ya fara ƙwarewa da ruwa ko kunu, idan muryarsa ta canja, idan ya kasa ɗaga kansa daga matashi, idan tari ya gagare shi, kada a jira gari ya waye. Likitoci kan sa majinyaci ya ja numfashi ɗaya ya yi ta ƙirga. Idan ya kasa kai 20, hankalinsu kan tashi. Ku ma kuna iya gwada wannan. Kuma duk wanda ke ƙwarewa kada a ɗura masa komai ta baki, ko rubutu ne, don huhu zai faɗa. A nufi asibitin da ke da ɗakin kulawa ta musamman, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan an je, a gaya wa likita ranar da abin ya fara, da ko ya yi mura ko gudawa kafin nan, da kuma irin aikin da yake yi. Wannan na ƙarshen na da muhimmanci a garinmu, domin darma, da wasu sinadaran da ke cikin gam ɗin takalmi da waɗanda ake tatsar man girki da su, suna kashe jijiya su ma, sai dai nasu a hankali yake zuwa cikin watanni. Tarin fuka na ƙashin baya da ƙarancin wani gishirin jini ma kan kawo mutuwar ƙafa. Likita ne zai rarrabe, da 'yar gudumar da yake buga gwiwa da ita, da gwajin ruwan laka.

Bayan an tsallake wannan siraɗi, sauran aikin ba na miliyoyi ba ne, na haƙuri ne, kuma a nan ake samun naƙasar da ba ciwon ne ya kawo ta ba. Mutumin da aka bari kwance a gefe ɗaya kan tabarma, ƙugunsa da dugadugansa za su yi gyambo. Ƙafar da aka bari a sake wata biyu, agararta za ta ƙage, ta yadda ko jijiya ta farfaɗo tafin ƙafar ba zai sauka ƙasa ba. Sai a ce ciwo ya gurgunta shi, alhali kwanciya ce. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu. A tokare tafin ƙafar da matashi ya tsaya a miƙe. A riƙa lanƙwasa masa gwiwa da idon sawu da yatsu a hankali, safe da yamma, kamar yadda likitan gashi ya nuna. Kada a gasa masa ƙafa da ruwan zafi ko garwashi, don fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Idan ido ba ya rufuwa a nemi maganin ɗigawa a rufe shi lokacin barci. Idan ya ce bayansa da cinyoyinsa na zugi, gaskiya yake faɗa, ciwon na zuwa da zafi mai tsanani. Kuma a riƙa zama ana hira da shi. Magidancin da jiya yake ciyar da mutum takwas, yau sai an kai shi bayan gida, zuciyarsa na buƙatar jinya kamar ƙafarsa. Kano ba ta rasa masu wannan ilimi ba: Jami'ar Bayero na yaye likitocin gashi, akwai sashen gashi a Asibitin Ƙashi na Dala da sauran manyan asibitoci. Abin da ke yanke wa talaka zuwa shi ne kuɗin mota sau biyu ko uku a mako daga Dakata zuwa can, da mutum biyun da za su bar nasu neman su ɗauke shi. Da za a sa likitan gashi ko sau ɗaya a mako a asibitocin unguwanni na ƙaramar hukumar Nasarawa, da an ceci ƙafafu da yawa, har da na masu shanyewar ɓarin jiki da suka fi waɗannan yawa.

Ga yara kuwa hanya a buɗe take. Tsarin da aka kafa don farautar shan inna ya tanadi cewa duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya a sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14, kyauta. Rabon Kano da shan inna na asali tun 2014 a Sumaila, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi, amma tsarin na nan yana aiki, kuma yaran da wannan ciwo ya kama ta wannan ƙofa ake gano da yawansu.

Saura ku, Alhazai masu masana'antu, Allah ya ƙara buɗi. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya da albashi na kwana 12 kacal a shekara. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafi rauni ko ciwon da aiki ya jawo ne, wannan kuwa da wuya ya shiga ciki. Ma'aikacin wucin gadi ma ba shi da ko takardar da zai nuna. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ba za ta biya masa haya ba yana kwance. Saboda haka abin na hannunku. Wanda wannan ciwo ya kama a cikin yaranku, mafi rinjayen zato zai dawo, kuma da wuya ciwon ya sake komo masa. Ku riƙe masa gurbinsa wata shida, ko da rabin albashi ne. Idan ya dawo za ku ga yana saurin gajiya, hakan na samun mafi yawan waɗanda suka warke, ba lalaci ba ne. Ku fara sa shi a ƙofa, ko wajen ƙirga kaya, ko ɗinkin bakin buhu yana zaune, kafin ƙarfin ɗaukar kaya ya dawo. 'Yan ƙungiyar ƙwadago kuma, wannan na cikin abin da ya kamata ku sa a takarda idan kun zauna da masu kamfani, tare da shigar da ma'aikatan wucin gadi cikin inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.